Tambayi Anti: 'Yata na karanta littattafan zane na soyayya a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce a Agege, ina sayar da atamfa da turaren wuta a gida. 'Yata mai shekara 14 ba ta barin wayata ta huta. Da na duba sai na tarar labaran soyayya ne na zane, irin na 'yan Koriya, samari dogaye da 'yan mata masu manyan idanu. Turancina bai kai in gane abin da suke faɗa ba. Babanta ya ce in goge, in hana ta waya kwata-kwata. Ni kuma tsorona kar ta koma karantawa a wayar ƙawaye. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Tsoronki yana kan hanya. Yarinyar da ke shiga aji ɗaya da yara masu waya, ranar da kika goge, ranar za ta samu wani wurin karantawa, kuma ba za ki ƙara sanin me take gani ba.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1947 Joe Simon da Jack Kirby, waɗanda suka ƙirƙiro Captain America, suka fitar da mujallar zane ta soyayya zalla a Amurka mai suna Young Romance, 'yan mata suka yi ta rububinta. A nan Legas ma Wale Adenuga ya fara mujallar zanen barkwanci ta Ikebe Super a 1976, kuma ba kowane gida ake yarda a shigo da ita ba. Sai dai na da takarda ne, uwa tana iya tsintarsa a ƙarƙashin katifa. Na yanzu yana cikin aljihu, kuma ba ya ƙarewa.

Daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton Webtoon ce, manhajar kamfanin Naver na Koriya ta Kudu, wadda ta fito da Turanci a 2014. Ba a buɗe shafi, da yatsa ake ja, hoto na bin hoto. Yawancin labaran babi ɗaya suke saki a mako, a katse shi daidai inda rai ya fi so, wanda ba zai iya jira ba kuma ya sayi sulallan cikin manhajar ya buɗe na gaba. Don haka ki duba ko an haɗa wayar da katin bankinki. Ki kuma duba alamar shekaru da ke jikin kowane labari, domin akwai na kowa, akwai na matasa, akwai wanda aka rubuta ƙarara na manya ne. Inda haɗarin ya fi yawa shi ne shafukan intanet da ke satar waɗannan labarai su baza kyauta. Can babu mai tantance shekaru, ga tallan batsa na faɗowa ba sallama. In a can take karantawa, wannan kam ki rufe yau, ba shawara.

Kada rashin Turanci ya karya miki gwiwa. Zane ne, idonki ya ishe ki ganin sutura da abin da ake aikatawa. Ki zauna kusa da ita bayan Isha'i, ki ce ta fassara miki babi biyu ko uku da Hausa. Yarinyar da ta kasa fassara wa mahaifiyarta wani wuri don kunya, ta riga ta ba ki amsa a kan wannan labarin.

Abin da ya fi damuna, Hajiya, ba ya fitowa a alamar shekaru. Da yawa daga cikin labaran nan an gina su a kan saurayi mai kuɗi, mai ɗaure fuska, wanda ke wulaƙanta yarinya, ya fizgo hannunta, ya hana ta magana da kowa, ya bi diddigin duk inda ta je, sannan a zana shi kyakkyawa, a zuba furanni a bayansa, a ce so ne ya yi masa yawa. 'Yar shekara 14 ta sha wannan kullum, sai ta taso tana ɗaukar tsawa da kishin hauka a matsayin ƙauna. Wasiƙun matan aure da ke zuwa wannan fili suna nuna mini inda wannan tunani ke kai mace. Ki tambaye ta: in wani ya yi wa ƙanwarki haka, za ki ce yana sonta? Ki bar ta ta yi magana, kada ki katse ta.

Ki sa ƙa'ida: waya ta kwana a ɗakinki, karatu a tsakar gida ko falo, kuma sai an gama aikin boko da haddar Islamiyya. Shi kuma Alhaji ki lallaɓa shi ya ba wannan tsari wata ɗaya kafin ya yanke hukunci.

Tambaya: Anti, ni saurayi ne a Idi-Araba, ina zane tun ina firamare. Ina son fitar da labarin soyayya na zane da Hausa, amma abokaina sun ce ba mai karantawa.

Amsa: Ƙanena, abokanka ba su san kasuwar littattafan soyayya ta Kano ba, wadda ta bunƙasa tun shekarun 1980, yanzu kuma ta koma WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad. Masu karatu suna nan, mai zana musu ne ya yi ƙaranci. Kana Legas kuma, inda ake taron masu zanen labarai na Lagos Comic Con tun 2012, ga kamfanin littattafan zane na Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013. Ka je taron da zanenka a hannu. Za ka ga jarumai masu tashi sama sun cika wurin, soyayyar unguwa ba ta da yawa.

Ka zana abin da ka sani: zance a bakin get saboda gidan haya ba shi da zaure, ƙanen budurwa da ake aikowa ya tsaya gadi, saurayin da cunkoson Oshodi ya cinye masa lokacin hira, rigimar lefe, yarinyar da ke haɗa Hausa da Yarbanci a jimla ɗaya. Ka taƙaita maganar da ke cikin kowane hoto, abin da fuska za ta iya faɗa kada ka rubuta shi. Sashen Canvas na Webtoon yana karɓar aikin sababbin masu zane kyauta. Kafin ka ɗora, ka gwada salon haruffan da ka zaɓa ka ga yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ, domin da yawa ba sa fitarwa. In babi na farko ya kammala, ka turo mini in karanta.