Amsa: me ya kashe Dave Shaw alhali yana da iskar shaƙa?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya kashe Dave Shaw, gwanin nutso cikin ruwa mai zurfi, a kogon ruwan Boesmansgat na Afirka ta Kudu, ran 8 ga Janairun 2005. Ba iska ce ta ƙare masa ba, gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ce ta taru masa har ya suma. A zurfin mita 270 iskar da mai nutso ke shaƙa kan yi kauri, numfashi ya yi wuya, ga shi yana ta fama da gawar Deon Dreyer, wani mai nutso da ya mutu a kogon tun da, wadda ya je ɗaukowa, igiya kuma ta harɗe masa fitila. Allah sarki.

Mu nan Tawa mun san irinta wajen yasar rijiya. Kawuna sai ya zura fitilar kananzir ƙasa tukuna. In ta mutu, ba mai shiga ranar, ko nawa aka biya.