Tambaya da Amsa: Wa ya kashe matar Leonard a fim ɗin Memento?

Tambaya: Malam, na kalli Memento har sau biyu amma kaina ya ɗaure. Teddy ne ya kashe matar Leonard, ko Leonard ne da kansa? Kuma ina farkon labarin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da gyara jerin labarin, don a nan yawancin masu kallo suke ɓacewa. Christopher Nolan ya fitar da fim ɗin a shekarar 2000, ya saƙa shi da zare biyu. Sassan baƙi da fari gaba suke tafiya, kuma su ne farkon labari. Masu launi kuwa da baya suke tafiya, kowanne yana ƙarewa a inda wanda ka gani kafinsa ya fara. Zaren biyu suna haɗuwa a ƙarshen fim, lokacin da Leonard ya kashe wani dillalin ƙwaya mai suna Jimmy, yana riƙe da hoton gawar, launi yana shigowa a hankali. Wato harbin da Leonard ya yi wa Teddy, mutumin da ke nuna yana taimaka masa, wanda ka gani a minti na farko, shi ne ƙarshen labari.

Leonard yana tuna duk abin da ya faru kafin a buge shi a kai a harin da aka kai musu shi da matarsa, amma sabon abu ba ya zama masa fiye da 'yan mintuna. Shi ya sa ya dogara da hotuna, 'yan takardu da zanen da yake yi a jikinsa.

Teddy ya ce matar ta tsira daga harin, tana da ciwon suga, kuma labarin Sammy Jankis, wani mai irin wannan mantuwar, da Leonard yake ta maimaitawa, labarin Leonard ne da kansa: matar da ta riƙa mayar da agogo baya tana neman allurar insulin, mijin yana yi mata yana mantawa, har ta mutu. Abu biyu suna mara wa Teddy baya. Tsayar da fim a wurin da Sammy yake zaune a asibiti. Da wani ya gitta ta gabansa, Leonard za ka gani a kujerar na ƙiftawar ido. Sannan tunaninsa guda ɗaya yana zuwa kala biyu, sau ɗaya yana yi wa matarsa allura a cinya, sau ɗaya mintsininta yake yi.

Sai dai Teddy ba abin yarda ba ne, tunda shi ya tura Leonard kan Jimmy saboda dala 200,000 da ke cikin mota. Kuma in maganar allurar ta faru bayan raunin, ta yaya ta zauna a ƙwaƙwalwar Leonard? Wannan giɓi ne na gaske, duk da haka a ganina hujjar Teddy ta fi nauyi, domin ido ya gani, ba baki kaɗai ya faɗa ba.

Abin da ba shi da shakka shi ne wannan. Bayan Teddy ya gaya wa Leonard cewa shi Leonard ɗin ya riga ya kashe maharin fiye da shekara guda da ta wuce, Leonard ya ƙona hotuna biyun da za su tona gaskiya, ya rubuta lambar motar Teddy don a zana masa a jiki, yana sane da cewa zai manta dalili. Sunan Teddy na gaskiya, John Edward Gammell, ya dace da John G., sunan maharin da Leonard yake nema. In za ka sake kallo, lura da hannunsa a wannan wurin: da saninsa ya rubuta.