Da aka yi fim ɗin labarina ban gane shi ba

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Maradi, unguwar Zariya. Na rubuta gajeren labari shafi 5 kan wata yarinya mai tallar fura da ta tsinci kuɗi a tasha, ta kwana tana shawara da zuciyarta ko ta maida ko ta riƙe. Wasu samari masu fim suka karɓa, da na ga abin da suka ɗauka wallahi ban gane kayana ba, sun ƙara mata ƙawa da saurayi, har farkon ma sun canza. Haka ake yi ko cutata aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Haka ake yi, amma ba duk abin da suka ƙara ne zan goya masu baya ba.

Fara da lissafi. A sinariyo, wato rubutun da ake bi a ɗauki fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, to labari gajere irin naki ba zai cika awa guda ba ko an ja shi kamar roba. Littafi mai kauri yanke shi ake yi, gajeren labari kuwa ciko ake masa, nan ne mutanen da ba ki haifa ba suke shigowa.

Babbar matsalar dai kamera ba ta shiga zuciya. Ke kin rubuta ta kwana tana saƙa da warwara, mai karatu ya ji komai, amma mai kallo me zai gani, yarinya kwance bisa tabarma ido buɗe, minti biyu ya ɗauki waya ya shiga TikTok. Shi ya sa suka ƙirƙiro ƙawa don tunanin ya samu kunnen da za a faɗa wa, wannan dabara ce tsohuwa kuma ba laifi, ko da yake ni na fi son a nuna abin da hannu, ta ɓoye kuɗin ƙarƙashin faifan ƙwarya, ta fiddo ta ƙirga jikka-jikka, ta ji tarin tsohuwarta daga ɗaki ta yi maza ta maida, babu wanda ya yi magana amma kowa ya gane. Saurayin kam kasuwa ce kawai, an saba in babu soyayya wai fim ba ya tafiya, kuma in ya janye hankali daga kuɗin nan to ya ɓata miki labari.

Maganar canza farko, dubi Usman Sembene na Senegal, wanda labarinsa ne da kansa ya maida fim, ba wani ya karɓa ba balle a ce cuta. Labarin mai suna La Noire de... ya fito cikin littafinsa Voltaïque a 1962, fim ɗin kuma a 1966. A rubuce an buɗe ne da ƴan sanda sun zo gidan Turawa a Antibes ta Faransa, ƴar aikin, Diouana, ta riga ta kashe kanta, sannan aka koma baya. A fim sai ya kai mutuwar can wajen ƙarshe, ya bar mu muna jin muryar zuciyarta tana magana ita kuma bakinta a rufe, ya sa wata fuskar katako da ta ba iyayen gidanta kyauta ta zama abin da ake ja-in-ja a kai, ya kuma ƙara fitowar da maigidan ya kai kayanta Dakar, uwarta ta ƙi karɓar kuɗinsa. Sassa sun motsa sosai, amma zafin labarin, yarinyar da aka maida baiwa a ƙasar da ta yi mafarki, yana nan inda yake.

To ki sake kallon naku da wannan ido. In har yanzu daren shawarar nan ne ƙashin bayan fim ɗin, ki yi haƙuri da ƙawa. In ya koma rikicin samari, ki zauna da daraktan ki faɗa masa kai tsaye tun ba su sa shi a YouTube ba. Gaba kuma kar ki ba da labari da baki kawai, a rubuta takarda, ki ga sinariyo kafin a kunna kamera, a sa sunanki a allo, kuma ki yi rajistar rubutunki wurin BNDA, ofishin da ke kula da haƙƙin mawallafa a Nijar.