Amsa ga mai son fitowa kansila a Sabon Gari

Wa alaikumus salam ƙanina. Tambayarka sau biyu na karanta ta wallahi, ka ce a Sabon Garin Zariya aka haife ka, nan ka yi karatu nan ka yi aure, mahaifinka mutumin Offa ne aikin reluwe ya kawo shi, yanzu matasan unguwa sun matsa maka ka fito kansila amma manyan jam'iyya sun fara raɗe-raɗin ai baƙo ne, wai ka sayi fom ko ka haƙura. To ni ba labari aka ba ni ba, a kaina aka yi.

Kakana na wajen uba fatauci ne ya kawo shi daga Damagaram, a garin nan aka haifi babana, mahaifiyata kuwa 'yar cikin ganuwa ce gaba da baya. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa jam'iyya bauta, ni ne manna fosta da tsakar dare, ni ne ejan a rumfar zaɓe, ni ne a kasa a tsare a raka har wajen tattara sakamako, akwai zaɓen da na kwana a ƙasa da yunwa ina gadin akwati. Duk tsawon nan ba mahalukin da ya taɓa tambayata ina kakana ya fito. Sai da na ce ina son kansila a zaɓen 2021.

Na sayar da babur ɗina, uwargida ta ɗauki kuɗin adashinta ta ba ni, na sayi fom, na bi daliget gida-gida kowa da ɗan abin da na miƙa masa, kowa yana ce min kai ne namu insha Allahu. Ana saura kwana biyu fidda gwani aka kira mu zauren wani dattijo bayan isha'i wai za a yi maslaha. Mu uku ne masu nema. Ana cikin magana sai wani ya miƙe, kuma ka san waye? Abokina ne tun makarantar allo, mutumin da ya ci tuwo a kwanon mahaifiyata ba sau ɗari ba, ranar da aka kwantar da matarsa ni na kai su asibiti a kan wannan babur ɗin dai da na sayar. Ya gyara murya ya ce a gaskiya dattawa jama'a ba za su yarda a ba ɗan Nijar tuta ba, abokan hamayya za su kai mu kotu. Ko kallona bai yi ba. Zauren ya yi tsit, ina jin ƙarar fanka, na duba fuskokin mutanen da suka karɓi kuɗina jiya-jiya kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Dattijon ya ce to ka ji, ka yi haƙuri akwai gaba. Shi kenan fa, ko ƙuri'a ɗaya ba a kaɗa ba. Na fito ban ma tsaya neman takalmina ɗaya ba, da ƙafa na tako har gida, na samu tsohuwa a kan darduma tana jirana, da na faɗa mata sai ta ce wane ɗin? wanda nake ɗebar wa ƙanzo? Wallahi har yau in na tuna wannan tambayar tata sai na ji wani abu ya tokare min wuya. Shi kuma daga baya na ji an yi masa alkawarin wani ɗan muƙami ne, wanda ko wata shida bai yi a kai ba. Muna haɗuwa a jana'iza mu gaisa, iyakarta kenan.

Abin haushin maganarsa ko tushe ba ta da shi. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan 'yancin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne to shi ma ɗan ƙasa ne. Amma a zauren nan wa zai buɗe maka kundi? Kai naka ma ya fi nawa sauƙi tunda Offa a Kwara take, ba wanda zai ce maka ba ɗan ƙasa ba ne, maganar indijin, wato ɗan asalin gari, kawai za su riƙe. A 2019 El-Rufa'i ya ce an soke bambancin ɗan asali da baƙo a jihar Kaduna, mun yi murna, amma a takarda ne, bai shiga zauren maslaha ba.

Kuma wannan wasan tsoho ne. A 1980 Shugaba Darman yana shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno aka kwashe shi aka kai Cadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi. Da na san zan shiga zauren nan da na tambaye su Hajiya Gambo Sawaba 'yar ina ce, mahaifinta daga Gana ya zo aikin reluwe kamar naka mahaifin, uwarta Banufiya, a Sabon Garin nan ta riƙe matan NEPU ta sha ɗauri ta sha duka, yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta ne a jiki. Umaru Altine Bafulatanin Sakkwato shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Kai ko gidajen sarautarmu, Allah ya ja zamanin sarki, Mallawa da Barebari da Katsinawa sunayen ma sun faɗa maka daga inda aka taso. Amma a daren nan ko ɗaya bai zo min a kai ba, baki ya mutu.

Abin da na gane daga baya, ƙuri'ar baƙi kowa na sonta, kujera ce ba a so su hau. Duba lokacin kamfe yadda 'yan takara ke layi wajen shugabannin Inyamuran kasuwa da Sarkin Yarbawa da coci-coci da Samaru wajen ma'aikata da ɗaliban ABU, saboda sun san in mutanen nan suka haɗa kai suna juya akwatuna, kowa ya ga abin da ya faru a zaɓen 2023. Matsalar mutanenku, ka yi haƙuri zan faɗa, da yawa katin zaɓensu na can garinsu, wasu kuma zaɓen shugaban ƙasa kawai suke fitowa, ranar zaɓen kansila suna gida suna wanki. Sannan ba sa yankar katin jam'iyya, ba su a shugabancin mazaɓa, alhali nan ake yanka nan ake rabawa. Ni jama'a nake da su a titi, ba ni da ko mutum uku a cikin masu zaman zauren, ashe ganga ce kawai nake bugawa.

Don haka kafin ka taɓa kuɗin fom zauna ka ƙirga, cikin shugabannin jam'iyya na mazaɓarku mutum nawa ne za su iya miƙewa su ce ƙarya ne in an kira ka baƙo a gabanka. Ba masu ce maka kai ne namu a waya ba. In ba su kai rabi ba ka bari wannan zagayen ya wuce, ka tura yaranka su shiga shugabancin mazaɓa tukuna, ka bi mutanenku su je ofishin INEC a mayar musu da katinsu nan, doka ta yarda mutum ya yi rajista inda yake zaune ko inda yake aiki. Takardar haihuwarka da ta firamare da duk wata shaidar mai unguwa ka haɗa ka yi hoto ka ajiye. Kuma don Allah kar wani ya ruɗe ka da kawo waɗanda ba su da takardar zama 'yan ƙasa su yi rajista, wannan laifi ne kuma da shi za su ɗaure ka. Kar ka fito a matsayin ɗan takarar Yarbawa, ka fito ɗan unguwa mai maganar kwata da taransifoma da rijiyar burtsatse, mai gabatar da kai ma ya zama Bazazzagin da ake jin nauyinsa.

Kuɗin matarka kuma kar ka taɓa, ni sai da na shekara biyu ina biyan adashin nan, babur kuwa har yau na haya nake hawa. Fostocin da na buga ɗari biyar suna nan ƙarƙashin gado, da su uwargida ke hura gawayi, jiya ma ƙaramar 'yata ta ɗauko ɗaya tana tambayata Baba yaushe za ka ci.