Tarihi da "historiya": asalinsu ɗaya ne?

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, an ce mana Girkawa ne suka fara rubuta tarihi, suna kiransa historiya. Shin ma'anarta ɗaya da tarihi?"

A yau kam sun haɗu, 'yata, amma ba hanya ɗaya suka biyo ba. Tarihi aro ne daga Larabci, asalinsa sanya wa abu kwanan wata. Historiya kuwa a tsohon Girkanci bincike take nufi, wato bin diddigi ta hanyar tambaya. Wanda suke kira histor shi ne masani, ko mai raba gardama.

A gyara zancen "suka fara" ɗin nan. Masar da Babila sun riga su jera sunayen sarakuna da shekarun mulki. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne tambayar dalili.

Herodotas, haifaffen Halikarnasas (Bodrum ta Turkiyya a yau) wajen shekara 484 kafin haihuwar Annabi Isa, ya buɗe littafinsa kan yaƙin Girkawa da Farisa da cewa wannan sakamakon historiyarsa ne. Nan masu fassara kan yi tuntuɓe. In ka ce "tarihinsa", Bahaushe zai ɗauka labarin rayuwarsa ne, alhali "bincikensa" ake nufi.

Karin maganar da ta dace da aikinsa ita ce "gani ya kori ji". A babin Masar, sai da ya tsaya ya sanar da mai karatu cewa zuwa nan abin da ya gani ne ya kuma bincika, daga nan kuwa abin da Misirawa suka faɗa masa ne. A wani wurin ya ce wajibinsa ya faɗi abin da ake faɗa, ba wajibinsa ne ya gaskata ba. Duk da haka almara ta kutsa masa, har da tururuwa masu tono zinariya a Indiya.

Sai dai kada a ɗora wa karin maganar kayan da suka fi ƙarfinta. Tusididis, wanda ya rubuta yaƙin biranen Girka biyu, Atina da Isparta, da ya ɓarke a shekara 431 kafin haihuwar Annabi Isa, shi kansa kwamanda ne a yaƙin. Ya koka cewa mutanen da suka ga abu ɗaya da idonsu sukan ba shi labari iri-iri, wani saboda son ɓangarensa, wani saboda mantuwa.