Ina Westwood ya shiga bayan EA ta saye shi?

Ƙanena na Yamai da ke tambayar me ya sa ba a ƙara ganin sunan Westwood a kan Command & Conquer ba: Westwood, kamfanin wasannin kwamfuta da ya ƙirƙiro wannan wasa, ya mutu tun 2003.

A Las Vegas ta Amurka yake a da. Shi ya fitar da Dune II a 1992, sannan Command & Conquer a 1995. EA, wato babban kamfanin wasanni Electronic Arts, ta saye shi a 1998 kan dala miliyan 122.5. Abin da mai saye ke biya shi ne sunan wasa da haƙƙin mallakarsa. Ma'aikata kuwa ba a ɗaure suke ba, ranar da suka gaji sai su tafi. Kuma daga ranar ciniki, kasafin kuɗi da ranar fitar da wasa duk sun koma hannun uwar kamfani.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne 2002. Westwood ya bar gonarsa ta wasan dabarun yaƙi, ya fitar da Renegade na harbi da Earth & Beyond na intanet, ba wanda ya yi kasuwar da EA ke so. Sai aka rufe ofishin Las Vegas, aka mayar da aikin Los Angeles. A ganina laifin ba na EA kaɗai ba ne. Creative Assembly ma, wani kamfanin wasanni, kamfanin Sega ne ya saye shi a 2005, amma ya riƙe wasansa na dabarun yaƙi, Total War, yana nan har yau.

Wasu tsofaffin ma'aikatan sun kafa kamfanin Petroglyph, su suka yi aikin Remastered Collection na 2020, wato sabunta tsofaffin wasannin Command & Conquer. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, sauke OpenRA, wanda masu sha'awa suka gina don buga tsofaffin wasannin Westwood, kyauta ne, ba ya cin data da yawa.