Sola ko janareta: wanne ya dace da gidan da ke nesa da layin wuta?

Tambaya: Malam, ina da wani ƙaramin gidan katako a cikin daji, inda layin wutar lantarki bai kai ba, kuma ina so in riƙa yin aikina a can. Abin da zan kunna bai wuce kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, wayoyi biyu, na'urar intanet, fitilu huɗu da ƙaramin firji ba. Janareta ya fi araha a wurin saye, amma ana ta kwaɗaita mini sola. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Kafin ka je ga farashi, ɗauki biro ka lissafa wutar da kayan nan za su ci a yini ɗaya, domin wannan lissafin ne zai raba maka gardama. Ana ninka wat ɗin kowace na'ura da sa'o'in da take aiki, abin da ya fito shi ne wat-awa. Fitilu huɗu masu wat 9 na tsawon sa'a 5 za su ci 180, kwamfuta mai wat 60 na sa'a 6 ta ci 360, na'urar intanet mai wat 10 na sa'a 12 ta ci 120, wayoyin biyu su ci kamar 40, sannan mu ƙaddara wa firjin 600. Jimilla wat-awa 1,300 ke nan, wanda idan aka baje shi a kan sa'a 24 bai wuce wat 55 ba.

A nan ne raunin janareta yake fitowa fili. Janareta na gama-gari yana juyawa ne a gudu ɗaya, zagaye 3,000 ko 3,600 a minti, ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba, saboda haka idan ka tayar da mai wat 2,000 domin nauyin wat 55, abin da kake amfana da shi bai kai kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, alhali mai yana ta ƙonewa. Ga kuma baƙin mai da ake sauyawa bayan sa'a 50 zuwa 100 na aiki, wanda ga injin da ke kwana a kunne saboda firji, abu ne na kowane 'yan kwanaki. Kowace jarkar fetur kuma kai ne za ka ɗauko ta daga gari, ko hanya ta yi kyau ko ta lalace.

Sola ya fi dacewa da irin wannan ƙaramar buƙata mai ɗorewa dare da rana, kuma farantansa sun daina zama abin tsoro, tunda farashinsu a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Sai dai kada lambar da ke bayan faranti ta ruɗe ka. Wat 400 ɗin da aka rubuta an auna shi ne a ƙarƙashin cikakken haske, farantin yana da zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Idan aka haɗa da ƙura da asarar wayoyin wuta da ta caji, kashi uku cikin huɗu ne ke isowa hannu. A wurin da ake samun sa'a 4 na rana mai ƙarfi, farantai biyu masu wat 400 za su ba ka kimanin wat-awa 2,400. Akwai kuma ɓarawon da masu lissafi suke yawan mantawa da shi, wato inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin wadda kayan gida suke amfani da ita, wadda take iya cin wat 20 tana zaune ba ta kunna komai ba, wat-awa 480 ke nan a yini, fiye da abin da kwamfutarka take ci. Da ita buƙatarka ta kusa 1,800, kuma farantan biyu sun wadatar.

Inda kuɗin yake tafiya shi ne batir. Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200, wato ma'aunin cajin da batir yake ɗauka, idan aka ninka su yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma rabi kawai ya kamata a sha, in ba haka ba zai mutu da wuri. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai bolt 12.8 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,280, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, a inda na dalma yake gajiya a ɗaruruwa. Guda uku na kowanne za su riƙe ka kusan kwana biyu na hadari, amma na dalmar kowanne ya doshi kilo 60, na litiyam kuwa kamar kilo 12, kuma wanda zai kai kaya inda mota ba ta shiga da kyau ya san darajar wannan bambanci.

Shawarata ita ce ka sa sola ya zama ginshiƙi, ka ajiye ƙaramin janareta a gefe. Idan gajimare ya rufe sama kwanaki a jere, sai ka tayar da shi na sa'a biyu ko uku ya cika batura ta hanyar caja mai ƙarfi, a lokacin kuma ka kunna famfon ruwa ko injin yankan katako idan kana da su, ta yadda man da ya sha zai tafi a kan aiki. Idan kuwa ƙarshen mako kaɗan kake zuwa a shekara, ko dogayen itatuwa sun lulluɓe gidan da inuwa, janareta da batir guda ɗaya sun ishe ka.

Tambaya: An ce wutar janareta tana ƙona cajar waya da kwamfuta. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya. Yawancin cajojin zamani an yi su ne su karɓi bolt 100 zuwa 240, kamar yadda za ka gani a rubuce a jikinsu, saboda haka ɗan hawa da sauka ba ya damunsu. Haɗarin yana zuwa ne a daidai lokacin tayar da injin, ko lokacin da mai ya ƙare yana shaƙewa, ko sa'ad da firji ya tashi ya fizgi wuta ninki uku ko fiye. A cire kaya kafin a tayar da kuma kafin a kashe. Janareta mai inbata a cikinsa ya fi ba da tsabtatacciyar wuta, kuma yana rage gudu idan nauyi ya ragu. Abin da ya fi caja muhimmanci shi ne hayaƙinsa, domin yana ɗauke da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mutum yana barci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar a ajiye shi a waje, aƙalla ƙafa 20, wato kamar mita 6, daga ƙofa da taga.

Tambaya: Nakan bar gidan watanni babu kowa. Me zai fi lalacewa?

Amsa: Fetur ɗin da aka bari a cikin janareta yana tsufa cikin 'yan watanni, ya zama danƙo ya toshe kabureta, don haka a rufe famfon mai a bar injin ya shanye na ciki har ya mutu da kansa. Batirin dalma a bar shi cike, a haɗe da faranti da na'urar daidaita caji, domin zama babu caji yana kashe shi. Na litiyam ya fi son a bar shi a kusan rabin caji a cire masa komai, kuma a wuraren da sanyi ke sauka ƙasa da digiri sifiri ba a yi masa caji sai ya ɗumama. Inbata kuwa a kashe ta daga maɓallinta, a kuma rufe ramukan da ɓeraye za su bi su kai ga wayoyin wuta.